Yadda Ake Amfani da Kalmar Hankali a Magana da Rubutu

Idan uwa ta miƙa wa ɗanta ƙwaryar nono da safe ta ce ya tafi da ita a hankali, da rana ta gaya wa maƙwabciyarta cewa yaron nan yana da hankali, da dare kuma maigidanta ya yi jinkirin dawowa daga kasuwa ta ce hankalinta ya tashi, to ta furta kalma ɗaya sau uku a yini guda, kuma kowane karo da ma'anar da ta sha bamban da ta baya. Wanda ya tashi cikin Hausa ba ya tsayawa yin nazarin wannan bambanci, domin bakinsa ya riga ya saba. Wahalar takan fito ne sa'ad da mutum ya zauna zai yi rubutu, ko zai fassara labari daga wani harshe, ko zai yi wa wanda ya girme shi magana, inda sauya ɗan harafi ɗaya a gaban kalmar yakan mayar da addu'a ta zama gargaɗi, ko ya mayar da gargaɗi ya zama zagi.

Abin da ya kamata mai koyo ya fara riƙewa shi ne tushen kalmar. Hankali aro ne daga Larabci, daga kalmar aƙalu, kuma ba Hausawa kaɗai suka are ta ba: Barebari suna cewa hangal, Fulani suna cewa hakkille ko hakkiilo, Zabarmawa suna cewa lakkal, Bambara na ƙasar Mali suna cewa hakili, masu jin Suwahili a gabashin Afirka kuma suna cewa akili. A wurin Larabawa asalin wannan saiwa shi ne ɗaure ƙafar raƙumi don kada ya tashi ya yi tafiyarsa, wato abin da mu muke kira dabaibayi, kuma igiyar da ake ɗaurin da ita sunanta iƙalu. Da wannan kalmar ce hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito ya zo, inda wani mutum ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ya dogara ga Allah ko ya sake ta ya dogara, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara. Ke nan hankali tun daga tushensa abu ne mai riƙe mutum, mai hana shi bin duk inda ransa ya ja shi. Wanda ya riƙe wannan hoton na igiya da raƙumi zai ga cewa kusan duk wata jimla da Bahaushe ya gina da kalmar tana komawa gare shi.

Akwai wani abin lura kuma a cikin Alƙur'ani mai girma. Saiwar kalmar ta zo sau 49, kuma duk inda ta zo a matsayin aikatau, wato kalmar aiki, ta zo, ba ta taɓa zuwa a matsayin suna ba. Shi ya sa malaman tafsiri a watan azumi za ka ji suna cewa ashe ba za ku hankalta ba, suna amfani da aikatau ɗin da Hausa ta ƙera wa kanta daga kalmar. Ni a ganina wannan ya dace da yadda Bahaushe yake auna hankali, domin ba a ce mutum yana da shi saboda abin da ke cikin kansa, ana cewa ne saboda abin da aka ga ya aikata da abin da aka ga ya ƙi aikatawa.

Daga nan ne ake samun ma'aunin farko na zaɓen kalma. Kafin ka rubuta cewa wane mai hankali ne, ka tambayi kanka wane aiki ka gani a wurinsa. Idan abin da ka gani shi ne saurin gane karatu, ko haddace shafi cikin ɗan lokaci, ko warware lissafin da ya gagari sa'o'insa, to kalmar da ta dace ita ce basira, ko hazaƙa, ko kaifin ƙwaƙwalwa. Idan ya daɗe yana ɗaukar karatu a gaban malamai har ya tara sani, ilimi ne da shi. Idan mota ta lalace a daji ya ɗaure wani abu da waya har aka iso gari, dabara ya yi. Amma idan an zage shi a bainar jama'a yana da ƙarfin ramawa ya haɗiye, ko an ba shi ajiyar kuɗi yana cikin matsi bai taɓa ba, ko ya shiga ɗaki ya tarar manya suna magana ya gaishe su ya koma da baya, wannan shi ne mai hankali. Ana iya samun ɗalibin da ya fi kowa a aji amma malamansa su ce ba shi da hankali, kuma babu karo a cikin maganar tasu ko kaɗan. Haka kuma ana iya samun tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma duk unguwa ita ake kai wa rikicin aure saboda hankalinta. Wannan ne ya sa na ga 'yan jaridarmu sun yi daidai da suka kira fasahar nan ta kwamfuta mai kwaikwayon tunanin mutum da sunan ƙirƙirarriyar basira. Na'ura tana iya saurin gane abu da saurin ba da amsa, amma kamun kai da sanin ya kamata sai mai rai da ke da abin da ransa yake so kuma ya hana kansa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne tsakanin hankali da wayo, kuma a nan ya kamata a daɗe. Wayo yana da fuska biyu. Idan ana maganar ƙaramin yaro, wayo alheri ne: a ce jariri ya yi wayo idan ya fara gane fuskar uwarsa, mutum kuma ya ce tun da na yi wayo a gidan kakata na ga kaina, yana nufin tun lokacin da ya fara sanin abin da ke kewaye da shi. Amma idan ana maganar baligi, wayo yakan karkata zuwa ga neman riba a kan wani, har a ce an yi mini wayo, wato an cuce ni ta hanyar da ban lura ba. Ba a taɓa cewa an yi mini hankali da wannan ma'ana. Tatsuniyoyinmu sun riga sun raba mana wannan gardama tun muna yara a gindin kakanninmu, domin Gizo ya fi kowa wayo a daji, yana yaudarar kura da zaki har da giwa, amma sau da yawa kwaɗayinsa ne yake kai shi ya baro, kuma ba wanda ya taɓa kiran sa mai hankali. Saboda haka idan kana rubuta takardar shaida ga wani da zai nemi aiki, ko ana tambayarka halin saurayin da ke neman 'yar wani, kada ka ce yana da wayo kana nufin yabo, domin mai sauraro zai iya ɗauka gargaɗi kake yi masa. Ka ce yaro ne mai hankali da natsuwa, ya san darajar manya. Matakan rayuwa ma haka Hausa ta jera su: yaro yakan yi wayo tukuna, daga baya ya yi hankali, sa'ad da ya isa a bar masa al'amuransa kuma a ce ya mallaki hankalin kansa.

Wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya gabatar da lacca a Jami'ar Indiyana ta Amurka wadda aka buga a 1974 a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, inda ya lissafa halaye goma, ya sa hankali tare da gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Abin da ya dace a lura da shi a jerin nan shi ne wayo bai samu shiga ba, kuma abokan zaman hankali duka halayen mu'amala ne da mutane.

Sai ƙananan kalmomin da ke zuwa kafin hankali, waɗanda su ne suke juya ma'anarsa. A hankali yana nufin sannu, ba da gaggawa ba, ba da ƙarfi ba: yi tuƙi a hankali, rufe ƙofar a hankali, yi magana a hankali kada ka ta da mai barci. Idan aka maimaita shi aka ce a hankali a hankali, ana nufin abu yana faruwa kaɗan-kaɗan, kamar yadda marar lafiya ke samun sauƙi ko ɗan kasuwa ke tara jari. Da hankali kuwa yana nufin da tunani da lura, kuma ya fi dacewa da aikin da ke buƙatar auna sakamako: a raba gadon nan da hankali, a bi maganar nan da hankali. Mutum yana iya yin magana a hankali, muryarsa ƙasa-ƙasa, amma ba da hankali ya yi ta ba idan abin da ya faɗa ya raba zumunci. Cikin hankali kuma, musamman idan an haɗa shi da mallaka aka ce yana cikin hankalinsa, yana nufin mutum yana sane da abin da yake yi, bai suma ba, bai bugu ba, ciwo bai juya masa kai ba. Wannan siga ta uku ita ce ake buƙata a takardar cinikin gona ko gida da kuma wasiyya, inda mai sayarwa ko mai wasiyya yake bayyana a gaban shaidu cewa ya yi abin yana cikin hankalinsa ba tare da an tilasta shi ba. Wanda ya rubuta a hankali a irin wannan wuri ya rubuta abin da ba shi da amfani a gaban alƙali.

Dalilin da ya sa wannan siga take da nauyi shi ne matsayin hankali a fiƙihu, wanda duk wanda ya zauna a zaure ya ɗauki Ahalari ko Ishmawi ko Risala ya ci karo da shi. Balaga da hankali su ne sharaɗin ɗora wa mutum hukuncin shari'a, kuma hadisi ya zo cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo masa. A babin abubuwan da ke warware alwala ma ana ambaton gushewar hankali ta hanyar barci mai nauyi ko suma ko maye ko hauka. Malaman usulu, wato ilimin tushen fiƙihu, irin su Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, sun ƙidaya hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don kiyaye su, tare da addini da rai da zuriya da dukiya, kuma a kan haka ne aka kafa haramcin giya da duk abin da ke sa maye. A karatun tauhidi kuma akwai abin da ake kira hukuncin hankali, wanda ya kasu uku: wajibi, da mustahili wato korarre, da ja'izi wato abin da zai yiwu ya kasance ko kada ya kasance. A wannan fage kaɗai ne kalmar take ɗaukar ma'anar tsantsar tunani da kafa hujja, kuma daga nan ne maganar yau da kullum ta samo jimlar nan ta cewa hankali ba zai ɗauki wannan labari ba. Idan kana fassara rubutun falsafa ko muhawara, wannan ma'anar ce za ka nema, kuma yana da kyau ka haɗa ta da kalmar hujja ko dalili don mai karatu ya gane ba ladabi kake nufi ba.

Aikatau da ke tafiya da kalmar suna da yawa, kuma kowanne da gurbinsa. Hankali yana tashi, yana kwanciya, yana rabuwa biyu, yana gushewa, yana dawowa. Ana mayar da shi a kan aiki, ana tara shi wuri ɗaya, ana jan na wani zuwa ga abin da ya manta, ana ɗauke shi da abin sha'awa, ana karkatar da shi daga inda ya kamata ya tsaya. Wanda ya tuna raƙumin nan da dabaibayinsa ba zai sha wuyar haddace su ba, tun da dabbar da ke kwance a ɗaure ita ce mai ita yake barci da minshari, wadda ta tsinke igiya ta tashi kuwa ita ce ke hana shi runtsawa. Kwanciyar hankali ita ce abin da muke roƙa wa juna a addu'a tare da lafiya da rufin asiri, tashin hankali kuma shi ne wanda aka yi wa kirari da gobarar gemu, aka kuma ce ba a sa masa rana.

A kan tashin hankali ina da jan hankali ga masu rubuta labarai. Kalmar tana ɗaukar fargabar mutum ɗaya, kamar ta matar da ɗanta ya ɓata a kasuwa, tana kuma ɗaukar rikicin gari inda aka ƙona shaguna aka zubar da jini. Saboda faɗinta, takan zama mafaka ga marubucin da ba ya son faɗin ainihin abin da ya faru. Idan an kashe mutane a ce an kashe mutane, idan an kai hari a ce hari, idan zanga-zanga ce ta rikiɗe a faɗi haka, sannan a kawo tashin hankali don bayyana halin da jama'a suka shiga. Idan mutanen suna da yawa, jam'in kalmar shi ne hankula, sai a rubuta hankulan mazauna garin sun tashi, ko hankula sun fara kwanciya.

Wasu jimlolin kuma suna da ƙaya a jikinsu, ya kamata a san su kafin a taɓa. Koya wa mutum hankali ba darasi ba ne a aji, horo ne, sau da yawa ma duka ko ɗauri. Raina wa mutum hankali shi ne a gaya masa ƙaryar da ko yaro ba zai yarda da ita ba, wasa da hankalin mutane kuma shi ne abin da talakawa ke zargin 'yan siyasa da shi idan alkawari ya sha maimaituwa ba cikawa. Shiga hankalinka daidai yake da shiga taitayinka, kuma duk wanda aka faɗa wa haka ya san saura ƙiris a yi faɗa.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurina, wato wa ya isa ya faɗa wa wa. Maganar hankali daga sama take gangarowa. Uba yana iya cewa ɗansa ka yi hankali da abokan nan naka, malami ya faɗa wa almajirinsa, yaya ta faɗa wa ƙanwarta, kuma ba wanda zai ga laifi. Tsakanin sa'o'i ma tana wucewa idan akwai sabo. Amma ƙarami ba ya duban babba ya ce ka yi hankali, ko da rami ne a gabansa, balle ya ce masa ba ka da hankali, wadda ko tsakanin tsara zagi ce da ke iya kai mutane gaban mai unguwa. Hausa ta tanadi hanyar fita, wato sigar da ba ta nuna mutum kai tsaye. Ɗa zai ce, Baba, a bi a hankali, akwai santsi a wurin. Ɗalibi zai ce, Allah ya gafarta Malam, da an ɗan ƙara duba maganar nan. Mai magana da basarake zai ce, ranka ya daɗe, a yi haƙuri a sake nazari. Fadawa kuwa hattara suke cewa idan sarki zai taka wuri mai tudu ko gangare. Har yabon ma yana bin wannan ƙa'ida, domin yaro ba ya cewa dattijo mai hankali ne, kamar shi ne ya auna shi ya ga ya cika mudu. Abin da ya dace da dattijo shi ne a ce mutum ne mai dattaku, mai hangen nesa, mai hikima. Surukai kuwa ko a bayan idonsu ba a ɗora musu wannan ma'auni.

Idan kai ne babban kuma kana son yi wa na ƙasa da kai gyara, ka ɗora kalmar a kan aikin, kada ka ɗora ta a kan mutumin. Cewa abin da ka yi jiya ba aikin hankali ba ne yana bar wa yaro ƙofar gyarawa, domin ka nuna masa cewa kana ganin yana da hankalin, bai dai yi aiki da shi ba. Cewa kai marar hankali ne kuwa hukunci ne a kan halittarsa, kuma yaron da ya sha jin haka daga bakin iyayensa yakan daina ƙoƙarin ƙaryata su.

Akwai wuri ɗaya da nake roƙon a ƙara taka tsantsan, shi ne maganar rashin lafiya. Rashin hankali hali ne da ake zargin mutum a kansa, taɓin hankali kuwa ciwo ne da ake kai mutum asibiti dominsa, kamar asibitocin Dawanau a Kano da Kware a Sakkwato da Barnawa a Kaduna. Haɗa su wuri ɗaya zalunci ne ga majinyaci da danginsa. A rubutu a ce mai taɓin hankali ko mai lalurar ƙwaƙwalwa, a guji mahaukaci sai inda ake kawo lafazin littattafan fiƙihu ko karin magana. Nijeriya ma a watan Janairun 2023 ta samu sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ya dace harshenmu ya bi wannan sauyi. Ba kowane mai damuwa ko baƙin ciki mai tsanani ne hankalinsa ya gushe ba, yawancinsu suna sane da komai, taimako kawai suke buƙata, kuma tsoron a kira su da wancan suna yana cikin abin da ke hana su zuwa wurin likita.

Karin magana kan ƙawata rubutu idan an sa ta a gurbinta. Hankali ke gani, ido gululu ne, ana kawo ta ne ga wanda abu yake gabansa amma bai lura ba. Mai hankali ke gane furfurar tunkiya kuma ta dace da bambancin da ba kowa ke iya hango shi ba. Guda ɗaya ta isa a shafi.

Ta fuskar ƙa'idar rubutu, kalmar namiji ce, don haka hankalin yaro ake rubutawa, a kuma ce hankalinsa ya tashi ko da mace ake nufi a ce hankalinta ya tashi, ba ta tashi ba. Wakilin suna na mallaka manne yake da ita: hankalina, hankalinka, hankalinki, hankalinmu, hankalinsu. A hankali kalmomi biyu ne, ba a haɗe su, haka ma mai da hankali da mayar da hankali ana raba da ɗin daga aikatau. Kishiyar mai hankali ita ce marar hankali ko maras hankali, jam'i kuma masu hankali da marasa hankali. Taɓin hankali da ɓ mai lanƙwasa ake rubuta shi tun da daga taɓa ya fito, ɗauke hankali kuma da ɗ mai lanƙwasa, kuma allon rubutun Hausa da ke cikin yawancin wayoyin hannu na yanzu yana ɗauke da waɗannan haruffa idan aka danna harafin aka ɗan riƙe.